Dattijon da Gonarsa Ta Yi Tsami

Kai, daga tafiyar dattijon nan kawai Juliana mai taki ta san ba alheri ya kawo shi kasuwar Kakau ba. Dogo ne, busasshe, hularsa sharkaf da gumi, yana riƙe da karan masara da ya tumɓuke da saiwarsa, sai ka ce ɓarawo ya kamo. Ganyen duk ya yi rawaya.

Ya maka shi a kan teburinta, jar ƙasa ta watsu cikin takin yuriya.

"Ke! Gishiri kike sayar mana ko taki?"

"Baba, yaushe rabon gonar da wake ko kashin shanu? Yuriya zalla kowace damina, ai ƙasa tsami take yi."

"Tsami? Koko ce?"

Huci yake, amma idonsa na kan ganyen. Wataƙila gonar gado ce, wataƙila gida guda ke jiran masarar nan. Ya dangwali ƙasar, ya ɗora a harshe, ya tofar dab da ƙafarta.

"Maƙaryaciya," in ji shi. "Auno mini yuriyar mudu biyu."