Shaidar da Na Hana Abla Saudatu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar Abla Saudatu. An yi mata salla a Harami bayan la'asar, mu mata muka zauna karɓar gaisuwa kwana uku a gidansu da ke unguwar Mansur. Duk shekara idan lokacin ya zagayo sai in ɗauki alƙalami da niyyar rubuta wani abu a kanta, in yi layi biyu na yabo, in ajiye. Bana na gane abin da ke hana ni ƙarasawa. Yabon gaskiya ne, amma akwai wurin da kullum nake tsallakewa.

Ba jini ya haɗa mu ba. Kakanninmu ne suka zo aikin hajji daga ƙasar Kano suka zauna, mu kuma aka haife mu a nan Makka. Ta girme ni da shekara goma sha biyu, shi ya sa nake ce mata Abla, yadda ake kiran babbar yaya a Larabcin Hijaz. Ita ce shugabar sashen kula da ma'aikata a wani kamfanin haɗa magunguna da rarraba su, mai hedikwata a Jidda da babban sito a bayan unguwar Ka'akiyya ta Makka. A wancan lokaci mace a irin wannan kujera abin nunawa ce da yatsa. Ofishin mata daban yake, ƙofarsa ta baya, kuma shekarunta na farko ta waya ake jona ta da taron manya, tana jin muryoyinsu ba ta ganin fuskokinsu.

Ita ta ɗauke ni aiki. Ranar ganawa na amsa tambayoyinta da Larabci. Da muka gama ta rufe fayil, ta dube ni, ta juya harshe zuwa Hausa.

"Ke ce Hauwa 'yar gidan Malam Sani maɗinki na Utaibiyya? Ki gaishe min da Umma. Amma ki sani ba don ita na ɗauke ki ba, kuma ba za ta cece ki ba in kika yi wasa."

Shekara shida na yi a ƙarƙashinta. Ita ta matsa har aka buɗe wa mata layin shirya magani a kwali, ita ta kawo mata masu ilimin haɗa magunguna ɗakin gwaji, ta yi ta zarya sai da aka ba su motar kai su gida da ɗakin shayarwa. Ma'aikatan da ke zuwa daga Najeriya da Nijar a kan ikama, wato takardar izinin zama, kuwa, ba wanda ke sa hannu a kwantiragi sai ta karanta masa da Hausa, layi bayan layi, ta tambaye shi ko ya gane. Ba ta da sauƙi, kada in yi mata ƙarya. Ta sha mayar min da takarda sau uku saboda kuskuren harafi ɗaya a sunan mutum. Ta ce sunan da na ɓata, da shi za a nemi mai shi a asibiti ko a filin jirgi.

Abin ya faru ne gab da aikin hajji, lokacin da sito ke cike maƙil kuma zafi ya kai matuƙa. Injin ɗakin sanyi ya tsaya, allurar masu ciwon sukari mai yawa ta lalace. Mai kula da ɗakin wani dattijo ne mutumin Maraɗi, Malam Idi, wanda ya yi shekara goma sha ɗaya a kamfanin. Sau uku ya kawo takardar koke cewa injin na ɗaukewa. Ni ya miƙa wa, da hannuna na karɓa na tura sashen gyara. Ba a gyara ba. Da ɓarna ta auku, aka nemi takardun a fayil aka rasa.

Manya suka yanke cewa sakacin Malam Idi ne: a kore shi, a buga masa bizar fita ba dawowa. Ba abin da ya rage sai sa hannun Abla. Ta ƙi.

Kwana ɗaya kafin taron da za a yi a kan maganar, mudir, wato babban manaja, ya kira ni ofishinsa da hantsi. Bai ambaci takardun ba ko sau ɗaya. Ya yaba aikina, ya ce Ustaza Saudatu ta yi ƙoƙari amma ta fara gajiya, kamfani na duba wanda zai iya riƙe sashen nan gaba. Na fito na san abin da aka saya a wurina, kuma na san ban ce a'a ba.

A taron, Abla ta yi bayani a natse. Ta ce mutumin nan ya yi gargaɗi a rubuce, kuma akwai wadda ta karɓa. Sai ta waiwayo gare ni.

"Hauwa, faɗa musu."

Na dubi tebur na ce, "Takardu da yawa ke wucewa ta hannuna, Abla. Ban tuna ba."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗan jima tana kallona, sannan ta tattara takardunta ta ce wa mudir ita dai hannunta ba zai hau wannan takarda ba, a nemi wani. Aka nemi wani. Cikin mako biyu Malam Idi ya bar ƙasar. Ranar tafiyarsa ya biyo ta ofis ya yi mana sallama, har da ni, ya ce in yafe masa idan ya taɓa saɓa min. Ita kuma aka mayar da ita wani sashe da aka kira na horarwa, tebur da kujera ba aiki. Ta yi wata biyar ta ajiye. Ni aka ba kujerarta.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa tsoro ne, ga mahaifina a kwance, ga ƙannena a makaranta. Akwai tsoron. Amma ina son kujerar, kuma wannan ne ban taɓa furtawa ba.

Bayan shekara biyu ciwo ya kwantar da ita. Sau ɗaya na je dubiya. Na tsara kalmomin neman gafara tun daga gida, na shiga na tarar ta rame har na kusa kasa gane ta. Ta matsa min wuri a bakin gado, ta tambayi Umma, sannan ta tambayi matan layin kwali da sunayensu, wadda ta haihu, wadda ke neman komawa karatu. Ta ce kada in bari a soke musu mota. Na ce to. Na zauna kusan awa guda, na tashi ban faɗi abin da ya kawo ni ba. Na ce a raina sai ta ji sauƙi. Ba ta tashi ba.

Yau idan na tuƙo motata na shiga ta babbar ƙofa, nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga zamanin nan. A teburin taron manya mu huɗu ne mata, kuma shugabar ɗakin gwaji yarinya ce da Abla ta ɗauka tana sabuwar gama jami'a. Na san za ta yi murna, irin murnarta ta gyaɗa kai kawai. Amma na san za ta tambayi wa ke karanta wa baƙin ma'aikata kwantiragi yanzu da ake turo shi ta waya, mutum ya danna amincewa bai san me ke ciki ba. Za ta tambayi me ya sa na'ura ke tace takardun masu neman aiki kafin idon ɗan Adam ya gan su. Akan gayyace ni taruka in yi wa 'yan mata jawabi a kan shugabanci, in tsaya in ce Abla Saudatu ce ta buɗe mana hanya, a tafa. Ban taɓa gaya musu yadda na bi hanyar ba.

Abin da ya rage nata yana nan a raye: matan da ta ɗauka, waɗanda yanzu su ke ɗaukar wasu, da ɗabi'ar ajiye kwafin kowane koke a wuri biyu, wadda na mayar doka a sashen ba tare da na faɗi dalili ba. Malam Idi kuwa na nemi labarinsa ta hannun mutanen garinsu da ke Mansur, aka ce ya rasu shekara uku da suka wuce.

Watan jiya na je wurin 'yarta ɗaya tilo, Maryam, wadda ke aiki a wani kantin magani. A falonta na faɗa mata komai, da Larabci, don Hausarta ba ta da ƙarfi kuma ba na so kalma ɗaya ta wuce ta. Ta saurara har na gama. Ta ce mahaifiyarta ba ta taɓa ba su wannan labari ba, abin da suka sani kawai ta gaji da aiki ne. Na roƙi izinin rubuta shi, ta ce in rubuta, haƙƙin mamaciya ne a san dalilin barinta aiki. Ta raka ni har bakin ƙofa ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Hala Hauwa." Haka take kirana, Hala, wato inna a Larabci.

Da can duk Juma'a takan kira ni ta gaishe ni. Juma'a huɗu ke nan ba ta kira ba, kuma ban ga laifinta ba.

Allah ya jiƙan Abla Saudatu, ya jiƙan Malam Idi. Ya kawo takardun nan sau uku. Ni na karɓa, kuma ina tune.