Littafin Nasiru da na ƙona

Jama'a, sai yau na san abin da na ƙona.

Bayan rasuwar ƙanena Nasiru, na ga wani littafinsa cike da zanen rijiya da aljanu. Na tsorata, na sa masa wuta.

Ɗazu abokansa biyu suka zo daga Safana. Ɗaya ya ce, "Yaya, ina littafin wasan nan?"

Ashe wasa ne! Nasiru ke ba da labarin, kowa ya zama mutum ɗaya a ciki, ana jefa ƙwayar ludo, ana binciken mai kuka a rijiya.

Na ce, "Na ƙona shi."

Sai ɗayan ya ce, "Na 'yan koyo ne. Don ke ya rubuta, ko za ki zauna da mu sau ɗaya."