Mai Amsa Sallama a Gidan da Babu Kowa

Kullum da hantsi Malama Lauratu Sulle takan goge tabarau ɗin da auduga, ta shimfiɗa tabarma a ɗakin shan magani, ta jira tsofaffinta. Ba tabarau na karatu ba ne. Na'ura ce mai rufe ido ruf. Wanda ya sa ta sai ya tsinci kansa a ƙofar wani gida shararre fes, ga turmi, ga igiyar shanya, amma ba kaza, ba hayaƙi, ba kowa.

Masu bincike ne suka kawo ta Karaye, don su ga ko za ta taimaki masu shanyewar ɓarin jiki su motsa hannu. Kafin nan, a kan samarin jami'a kawai aka gwada ta. Malama Lauratu, ma'aikaciyar lafiya, ta ce ai ba su ne ciwon ya fi kwantarwa ba. Ta bi Unguwar Hajji gida-gida, ta je har rugagen ƙauyen Fulatan, tana lallashi da Hausa da Fulatanci.

Tsofaffi suka zo. Amma duk wadda aka sa wa tabarau sai ta yi sallama. Shiru. Ta sake. Shiru. Sai ta cire.

"'Yar nan, gidan wa kika kawo ni?" in ji Goggo Murja, wadda hannunta na dama ya shanye. "An yi shara, ga turmi a waje, amma ba mai amsawa. Ni ba na shiga irin wannan gida."

Aka fara shawarar a sallami tsofaffin a koma kan samari. Da an yi haka, da Goggo ta koma gida da hannunta yadda ta zo da shi.

Malama Lauratu ta durƙusa a bayanta, ta ce a sake sa mata. Goggo ta yi sallama.

"Wa alaikumus salam. Maraba da Goggo, shigo," in ji Lauratu daga bayanta.

Goggo ta tuɓe takalmi. Can sai yatsun hannun da ya shanye suka motsa, suna neman taɓarya.

Ke ce, Lauratu, uwar gidan da babu shi. Shekara da shekaru kina amsa sallama daga bayan mutane, har aka naɗi muryarki aka sa a cikin na'urar.

Bana Lauratu ta yi ritaya. Ranar ban kwana Goggo ta sa tabarau, tana riƙe da hannun Lauratu, ta yi sallama. Aka amsa mata daga ciki. Bakin Lauratu a rufe yake.

"Lauratu, ga hannunki a nawa. To wace ce a cikin gidan?"

"Ni ce, Goggo. Na bar ta ta riƙa jiran ku."

Goggo ta ƙara damƙe hannun, sannan ta shiga.

Allah Ya saka miki da alheri, Malama. Ku kuma masu kawo mana sababbin na'urori, ku yi koyi da ita: ku nemo iyayenmu, kuma kada ku bar su a bakin ƙofa ba mai amsawa.