Akushin da Aka Bar wa Yaya

A shekarar da Nijar ta sami 'yancin kai Yaya ya zo gida, ƙauyenmu da ke yamma da Gidan Rumji. Ni ban san shi ba sai a labari. Tun ina goye aka kai shi asibitin mishan a Najeriya saboda gyambo a ƙafa. Ƙafar ta warke, shi kuwa ya zauna can, ya yi karatu, ya shiga addininsu, har ya zama babban limami a cocin Angilika, da limamai da yawa a ƙarƙashinsa. Baba ya rasu bai sake ganinsa ba. Ƙanen Baba, wanda muke kira Baffa, shi ke riƙe da gidan.

A gidanmu maza akushi ɗaya suke ci, a ƙofar zaure, kowa da gefensa. Ni ce mai tuƙa tuwon a lokacin. Ranar da Yaya ya iso, Baffa ya leƙo madafa ya ce in yanka kaza, in zuba wa Yaya nasa daban a kwanon sha-ruwan da ake ajiye wa baƙi. Har kujera aka aro daga lakol, makarantar boko, da cokali.

Na ce, “Baffa, ɗan gida na fa.”

Ya ce, “Ke mi kika sani? Mutumin da Turawa ka tashi tsaye su gaishe shi, shi za shi sa hannu da mu, da kaushin hannunmu?”

Wallahi ba ƙyama ba ce. Ba wanda ya taɓa ce masa uffan kan addininsa. Girmamawa ce, irin ta mutanenmu, wadda in ta kama mutum ba ta sakinsa. Raina ya ɓaci, amma na kai kwanon.

Haka aka yi ta yi. Yaya na ɗaki shi kaɗai da kaza, yana jin hirar 'yan'uwansa da dariyarsu ta bayan zana. Wata rana da na je ɗaukar kwano ya ce mini aikinsa ke nan a can: kowace Lahadi ya tara mutane, mai kuɗi da talaka, ya ba su gurasa ɗaya su ci, su sha a ƙoƙo ɗaya. Yana faɗa yana kallon cokalin. Sai ya tambaye ni ko har yanzu ana sa daddawa da yawa a miyar kukar gidan, don ƙamshinta yake ji daga zaure.

Ana gobe zai koma, da la'asar, ya tuɓe takalmi, ya fito ya wanke hannu a butar kowa, ya tsuguna a bakin akushin maza. Ina laɓe a ƙofa ina kallo. Ya yi sallama, ya gutsuri loma.

Baffa ne ya fara janye hannu. Sauran suka bi, ɗaya bayan ɗaya, suna lashe yatsu suna cewa sun ƙoshi, alhali tuwon ko rabi bai yi ba. Suka matsa gefe cikin ladabi, suka tura masa akushin gabansa.

“Ci, ranka shi daɗe,” in ji Baffa.

Yaya ya dube su, lomar na hannunsa, miya na bin gwiwar hannunsa. Na koma madafa na yi kuka har majina. Bai sake zuwa ba, kuma a can aka binne shi.