Ciwon mutumin garinmu

Shekarun baya kaɗan, ina kwalej a Tawa, aka kawo mahaifina asibiti daga Affala yana fitsarin jini. A gida an gama yanke hukunci: tsargiya ce. An ɗura masa saiwoyi har ya rame.

Ni ce 'yar fari. A wajenmu uba ba ya kiran sunan 'yar fari, balle ya yi zancen fitsari a gabanta. Kuma ni kaɗai ke jin Faransanci a gidan, likitan Bature ne, tafintansa ya tafi hutu.

Likita ya tambayi abin da ke damunsa. Baba ya dubi rufi ya ce, "Ƙahwa ta."

Ƙafa! Aka ba mu man shafawa. Da muka koma Baba ya ce baya ne. Aka ba mu ƙwayoyi. Ni kuwa na ga ƙwaryar da Inna ke ɓoyewa bayan ɗaki, ja wur.

A zuwa na uku haƙurina ya ƙare, dama ba shi da yawa. Na juya kujera na fuskanci bango na ce, "Baba, ba ni nan. Ka yi magana, ko in faɗa da bakina."

Can ya yi gyaran murya.

"A ce mishi akwai wani mutum garinmu. In ya yi bawali ya gama, sai wani ya sake taho mai, da gudajin jini."

Na fassara wa bango. Likita bai ko murmusa ba, ya ce a kwantar da mutumin garin nan a kan gado ya duba.

Yamai aka tura mu. Likitocin can suka ɗura masa ruwan magani a mafitsara suka ɗauki hoto. Ashe wata 'yar jaka ce ta fito a jikinta, fitsari na kwanciya ciki, ciwon daji kuma ya tsiro a nan. Suka ce fatar jakar siririya ce, da mun ƙara jinkiri da ya huda ta ya bazu. Aka yanke ta gaba ɗaya.

Ya warke. Har yau in na tuna watannin da muka ɓata kan ƙafa lafiyayya sai raina ya ɓaci. Kunya na da kyau, amma ba a ɗakin likita ba.

Ranar da muka dawo ya gode wa Allah, ya gode wa likita, har direban mota ya samu addu'a. Ina tsaye ina jiran tawa. Sai ya dubi Inna ya ce, "Ki ba waccan fura da nono mai yawa. Ta rame."