Randar da Na Kai Bikin Tondibia

A shekarar da kogi ya janye har mutane suna ƙetare shi da ƙafa a ƙarƙashin gadar Gaweye, ni abin da ya dame ni daban ne: ba a jin gitata. Na san ba abin fita da shi kasuwa ba ne a ce ƙasa tana kukan hatsi ni ina kukan sauti. Amma saurayi ne ni a lokacin, kuma ban taɓa son wani abu a duniya kamar yadda na so kiɗan nan ba.

Da safe ni ɗan komi ne, wato akawu, a wani biro, ofis ke nan, ina buga takardu. Da yamma kuwa ni ne mai bas a wata 'yar orkes, wato ƙungiyar kiɗa, da muka haɗa. Bas ita ce gitar nan mai kaurin tsirkiya, wadda ke riƙe gindin kiɗa. Amfuli, na'urar ƙara sauti, ɗaya tal muke da shi, kowa ya cusa wayarsa a ciki: mawaƙi, mai gitar solo, da ni. Mawaƙi ya buɗe baki, mai solo ya yi ta tsiwa, ni kuwa sai in nutse. Yatsuna har kanta suka yi, amma ko kare bai taɓa juyowa saboda ni ba.

Shugabanmu, wanda muke kira Shef, mutumin Damagaram ne, gajere, ba ya dariya sai in wani ya yi kuskure. Wata rana bayan mun gama gwaji ya tare ni a ƙofa.

"Ɗan Maradi," ya ce, "hannunka nike gani yana motsi, amma kunnena bai shaida komi ba. Akwai wani ɗan Togo mai bas da otal ta sallama, yana da kayan sautinshi. Ƙarshen wata muna da biki a Tondibia. In an ji ka, kana nan. In ba a ji ka ba, ka koma ma mashin ɗinka ta biro."

Raina ya ɓaci, amma gaskiya ya faɗa. Sai na shiga haɗa nawa kayan. Na samu wata babbar lasifika tsirara, ba akwati, daga wani gidan rawa da ya rufe. Mai gyaran rediyo na kasuwar Lazaret ya haɗa mini ɗan amfuli mai aiki da batirin mota. Muka jona gita, na taɓa tsirkiya, sai wani ɗan nishi ya fito kamar na akuya mai mura. Mai gyaran ya ce muryar gitar ce ba ta da ƙarfin da za ta tada amfulin, sai an sa wani abu a tsakani ya ɗaga ta. Sunan abin fireyamfuli, amma makaɗa fedal suke ce masa, don da ƙafa ake taka shi.

Fedal a Yamai ta wancan lokaci! Na zaga har takalmina ya yi baki. Daga ƙarshe aka nuna mini wani makaɗi ɗan Kwatano da ke tattara kayansa zai koma gida, tunda bukukuwa sun ja baya. Ya fito mini da guda biyu ya ajiye a kan tabarma. Ɗayan ja ne, faffaɗa, da maɓallai reras da fitilu, wallahi ina ganinsa zuciyata ta tafi. Ɗayan kuma wani ɗan baƙin ƙarfe ne, fentinsa ya kankare, maɓallai uku kawai: na ƙarfi, na ƙasa, na sama. Na gwada jan, ya yi zaƙi. Ina cikin jin daɗinsa aka ɗauke kuran, wato wutar lantarki, ya yi tsit. Jan sai da kuran yake aiki, baƙin kuwa pil ɗaya, wato ɗan batir, ya ishe shi. Na dubi jan nan kamar yadda mutum ke duban budurwar da ta fi ƙarfinsa, na ɗauki baƙin. Kekena na bar masa a madadinsa, na dawo Lazaret a ƙafa da abin a cikin aljihun riga, ina ta shafa shi a hanya.

Saura akwatin lasifika. Katako ya yi tsada, kuma lasifika tsirara a kan tabarma ba ta da ciki, sai ƙara. A nan ne idona ya faɗa kan randar Inna.

Inna ita ce mai gidan da nake haya, Bazabarma, mijinta ya rasu. Tana da wata ƙatuwar randa a gindin bango, wadda ta zo da ita daga ƙauyensu. Tun da pampon layinmu ya ƙafe randar take a bushe, don abin da 'yan garuwa ke kawowa bai wuce ƙaramin tulu ba. Na sha ganin samari suna kifa lasifikar rediyo a bakin tulu don murya ta yi kauri. Na ce to, bari in gwada babba.

"Kai yaro," in ji Inna, "randa na ruwa ne, ba na waƙa ba. In ka fasa shi, ni da kai har lahira."

Na ɗora lasifikar a bakin randa, fuskarta sama, gindinta a ciki. Ta zauna daram kamar don ita aka gina. Na jona gita a fedal, fedal a amfuli, na taka. 'Yar fitila ta kama. Na ja babbar tsirkiya.

Jama'a! Kwanonin Inna suka amsa a kan kanta. Kajin maƙwabta suka watse. Ni kaina sai da na ji abin a cikin haƙarƙarina kafin in ji shi a kunne. Na yi ihu, na tashi na zagaya tsakar gida da gita a wuya, Inna tana salati tana dariya. Ban taɓa jin murna irin ta ranar nan ba.

Makonnin da suka biyo baya ni da fedal muka san juna. Na gane in na cika maɓallin ƙasa, randa sai ta yi ta gurnani, ba a bambanta wannan sauti da wancan. In na cika na sama, ana jin kartar yatsuna. In na cika na ƙarfi, lasifika ta yi tari. A hankali na samu inda kowanne ya dace, na ɗiga masa alama da farin ruwan goge kuskure na biro. Na kuma koyi cire waya in na gama, bayan da abin ya shanye mini pil sabo ful ina barci. Ban faɗa wa Shef komai ba. So nake ya ji da kunnensa a gaban mutane.

Da ƙyar Inna ta yarda in fita da randar. Ranar biki muka hau bayan wata bashe, motar nan mai buɗaɗɗen baya, ni ina rungume da randa a kan buhun ciyawa, abokaina suna ta tsiya. Mai solo ya ce ko ni ma aure zan yi, ga kayan ɗaki. Shef kuwa sai kallon randar yake yana kallona.

Gidan wani ajidan ne, wato babban kurtun soja mai muƙami, kusa da bariki, 'yarsa yake aurarwa. Zamanin soja ne, taro sai da izini, kuma namu izinin daga la'asar ne zuwa magariba, ko minti ba ƙari. Muka jera kaya a ƙarƙashin rumfa. Na ɗan gwada a hankali yadda ba kowa zai ji ba, na ji randa ta amsa, hankalina ya kwanta. Aka kira sallar la'asar, muka fita masallaci gaba ɗaya.

Da muka dawo gida ya cika. Mata sun yi da'ira, wasu kuratan soja da aka kawo aikin kujeru suna tsaye a bayan rumfa. Shef ya ƙirga, muka shiga. Na taka fedal, na ja tsirkiya da dukkan gadarata.

Ɓut. Abin da ya fito ke nan. Wani busasshen sauti, gajere, ba ciki ba gindi.

Na duba alamomina, kowanne yana wurinsa. Na ƙara na ƙasa, ba canji. Na murɗa na ƙarfi har ƙarshe, lasifika ta fara tari. Gumi ya karyo mini. Shef ya juyo ya dube ni, sai na ga haƙoransa, wato dariyar nan tasa ta zo. Na miƙa hannu na dafa randa don in ji ko tsagewa ta yi, sai na ji ta da sanyi, har da raɓa a jikinta. Na ɗaga lasifikar. Ruwa ne fal, saura kaɗan ya taɓa gindinta, ga moɗa an rataye a gefe.

Kiɗa ya tsaya. Wata tsohuwa siririya ta matso tana murmushi. Daga baya na ji yayar ajidan ce, daga arewacin garin Tawa ta zo bayan dabbobinsu sun ƙare.

"Ni ce, ɗana," ta ce. "Na ga randa busassa a gidan biki, ga baƙi, ga rana. Wanga abin kunya ne. Ni da 'yan mata munka tahi gulbi munka ɗebo. Sai dai murhin nan naku, nauyi gare shi."

Ashe lasifikata ta ɗauka murfin randa ce. Gulbin da take faɗa kuwa, sai an taka rairayi mai nisa kafin a kai inda ruwa ya rage. A ka suka ɗauko shi. Ni kuwa a lokacin ba wannan nake gani ba, rana nake gani tana sauka, da ɗan Togo yana zaune a wurina. Na kama bakin randa na fara karkata ta.

"Kai! Mi za ka yi?"

Ajidan ne. Dogo, cikin babbar riga, amma muryar ta bariki ce. Na saki randa na miƙe, har da ƙamewa, ni da ban taɓa shiga soja ba.

"Mon ajidan, sautin ba ya fita sai randa tana wofi."

"Shi ne za ka zubda ruwa? A wagga shekara? A gidana?"

Kunya ta rufe ni, don na san da gaskiyarsa, ko a gidanmu aka ga na yi haka sai an ci mini mutunci. Na ce masa in ba a ji gitata yau ba, an kore ni daga orkes. Ya dubi Shef, Shef ya sunkuyar da kai. Ajidan ya dubi randa, ya dubi yayarsa. Sannan ya juya wajen kuratan nan ya daka musu tsawa da Faransanci, suka zo a guje suka yi layi.

"Kowa moɗa biyu," ya ce. "Wanda ya zubda ɗigo, ni da shi."

Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Kurata suna sha suna komawa bayan layi, mata suna guɗa, tsohuwa ce da kanta take ɗebowa tana miƙa musu tana sa musu albarka. Baƙi suka shiga, yara suka shiga, mawaƙinmu ma ya sha. Aka kawo butoci aka cika don alwalar magariba. Lokaci-lokaci sai ajidan ya ɗaga hannu, in mayar da lasifika in ja tsirkiya, shi kuma ya karkata kunne.

"Ya isa?"

"Saura kaɗan, mon ajidan."

"Ku ci gaba!"

Duk gwajin da na yi sai in ji muryar ta ƙara sauka, ta ƙara faɗi. Wani kurtu ya riƙe ciki yana roƙona da ido. Da ruwa ya koma can ƙasa na mayar da maɓallai wurinsu, na ɗan rage na ƙasa saboda randar ta jiƙe, na taka fedal, na ja. Kwanon rumfa ya ɗauki rawa. Ajidan ya ja da baya taki ɗaya, ya ce, "To!"

Muka shiga kiɗa, rana ta riga ta yi ja. Na ji kaina a ƙarƙashin kowa, ina ɗauke da su, mai ganga yana jingina da ni, mawaƙi yana tafiya a kaina. Mata suka cika fili. Daɗi ya kama ni har na ji hawaye, ban kuma damu da wanda ya gani ba.

Muna tsakiyar waƙa ta uku Shef ya ɗaga hannu ba gargaɗi, ya yanke kowa. Ganga ta tsaya, solo ta tsaya, mawaƙi ya rufe baki. Ni kaɗai ya bari. Yatsuna dai ba su tsaya ba. Na ɗaga kai na dubi fili. Ba wadda ta tsaya. Ƙafafunsu suna sauka daidai inda nake sauka, tsohuwar nan tana tsakiya, ta ɗaure gyale a ƙugu, tana juyi a hankali irin na mutanen arewa. Shef ya bar ni haka har sai da na ji hannuna zai tsinke, sannan ya sauke hannu kowa ya dawo.

Ana kiran magariba muka kashe kaya. Ina naɗe waya Shef ya wuce ta gabana, bai ko dube ni ba.

"Jibi akwai gwaji," ya ce. "Ka zo da wuri. Kuma ka samo ma abin nan murhi na gaskiya."

Na tsuguna don in ɗaga randa. Sai ga tsohuwa a kaina. Ta sa hannu har kafaɗa a cikin randar, ta kankaro ɗan abin da ya rage, bai cika moɗa ba, ta miƙo mini da hannu biyu.

"Kowa ya sha, ɗana," ta ce. "Kai kaɗai ka rage."

Na karɓa na shanye, har da yashin da ke ƙasa.