Shitu Mai Tarwaɗa da Ledar Kano

Ana idar da sallar asuba Shitu ya durƙusa gaban kwamin ƙyanƙyasa yana tsince mataccen ƙwan kifi. Duk ya yi fari fat kamar tsakin shinkafa. Ba yau aka fara ba.

Shitu mutumin Rurum ne, sana'arsa ƙyanƙyashe tarwaɗa. Yakan matse ƙwan uwa, ya haɗa da ruwan namiji, in 'ya'yan sun tasa masu kiwo su zo saye har daga Kibiya. Ba shi da yawan magana, bai kuma yarda da mai yawanta ba. Bana wani dillali ya kawo masa leda daga Kano, wadda ake shimfiɗawa a kwami, a yi ƙyanƙyasa ɗaya a yar. Don tsabta, sai Shitu ya riƙa sheƙa mata tafasasshen ruwa kafin ya zuba ƙwai, yadda ya saba yi wa tsofaffin tasoshinsa.

Tun daga nan ƙwai ya daina fashewa. Zarginsa ya sauka kan Lado, maƙwabcinsa kuma abokin sana'a, wanda suke jan ruwa a rijiya ɗaya. Ko gaisuwarsa ya daina amsawa. Uwar kifi ɗaya ta rage masa. In nata ƙwan ya mutu, sana'a ta tashi.

Matarsa Fulera ta leƙa kwamin ta ce, "Malam, ka shinshina ruwan nan kuwa? Warin sabon takalmi yake. Ko koko ka ƙulla a leda da zafi ai sai ya ɗauki ɗanɗanonta."

"Leda ba ta da hannu. Lado ke da hannu."

"To raba ƙwan uwar da ta rage biyu mana, mu ga mai hannun."

Bai ce ya yarda ba, amma ya raba: rabi a leda, rabi a tsohuwar tasa, ruwa ɗaya. Ya kulle ɗakin ƙyanƙyasa ya saka makulli a aljihu. Washegari tasar ta cika da motsi, na leda kuwa ko ɗaya bai fashe ba.

Bai iya ba da haƙuri da baki ba. Da 'ya'yan suka yi ƙwari, ya ɗebi cikin tasa ya yi sallama a ƙofar Lado.

Lado ya dube shi a karkace. "Ashe ka san hanyar gidan. Juye su nan. In sun kwana da rai, na amsa sallamarka."

Ya turo bokitin roba sabo. Shitu ya sunkuya ya shinshina shi, ya ji warin nan na leda, ya ture shi da ƙafa, ya dire masa tasar gaba ɗaya.